Kofin Shayi a Kan Inji

Ranar Talata na kai ta wurin Sallau,
bayan layin dogo, a Agege,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta.
Na ce masa: tana tari da asuba,
tana shan fetur kamar raƙumin da ya ga rijiya,
in na taka totur sai ta yi shawara tukuna.
Gudu nake so.

Bai dube ni ba.
Ya ɗaga bonet, ya kafa tsinin sukudireba a jikin inji,
ya manna kunne a ƙotar,
ya lumshe ido kamar mai sauraron kiran salla daga wata unguwa.
"Shekararta nawa a Ikko?"
Goma sha ɗaya a hannuna.
"To ba gudu ta rasa ba. Numfashi."

Ya zaro fulogi huɗu ya jera a kan kwali,
uku baƙi ƙirin, ɗaya fari fat kamar ya ga fatalwa.
Matacin iska kuwa, da ya buga shi da ƙasa,
ƙurar Oshodi ta tashi, da ta Ikorodu,
da hayaƙin kowace danfo da na taɓa bi a baya.
Yaronsa Kazim ya tafi Ladipo,
bai dawo ba sai la'asar sakaliya,
da sababbi a leda, da rantsuwar ba jabu ba ne.

Sun warware kafireta a cikin tsohuwar tasa,
'yan ƙusoshi na kwance a fetur kamar ƙananan kifi.
Sallau ya hura wani rami da bakinsa,
rami bai kai kafar allura ba,
ya ce duk rigimar daga nan take:
mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan.

Sai ya aika a sayo shayi.
Na ɗauka sha zai yi.
Ya ɗora kofin a kan inji, ya ce in tayar.
Shayin ya kama makyarkyata, yana zuba ta gefe.
Ya juya sukuru kwata guda. Ya saurara.
Ya mayar da rabin kwatar.
Ya taɓa taimin a hankali,
kamar mai gyara wa jariri kwanciya.
Haka Baba Morufu ya koya masa a Mushin,
da ranƙwashi, in ji shi, yana shafa ƙeya.
Gab da magariba shayin ya natsu
har na hango hulata a cikinsa.
Sannan ya ɗauka ya shanye, ya faɗi kuɗinsa.
Ban taya ba.

Ƙarfe huɗu da rabi na dare na hau doguwar gada.
Gari na barci da ido ɗaya.
Na sa giya ta biyar, wadda na manta tana nan.
Fitilun masunta a kan ruwa suka koma zare,
iska mai gishiri ta shigo ta ƙwace mini hula,
na ji ina dariya ni kaɗai,
ni da jikoki uku a Funtuwa.

Minti tara.

Da hantsi ga ni a Obalende,
gaba tirela, baya tankar ruwa,
mai tallan biredi ya wuce ni da ƙafa,
ya dawo, ya sake wuce ni.
Gurgu a kan katako mai taya ya yi mini sannu, ya yi gaba.
Allurar mai tana tsaye inda na bar ta.
Inji na numfashi can ƙasa-ƙasa,
sai na kasa kunne kafin in yarda bai mutu ba.

Na sayi shayi ta taga,
na ɗora kofin a gaban sitiyari.
Ko gezau.
Ƙafata ce kawai, a kan totur,
take ta rawa.